FUSKAR DA KE BAYAN TAKUNKUMIN GARA

Shafi na 31

Masu cewa na bar ku a tsaye, ku samu wuri ku zauna. Yau ake cire takunkumi.

"Sharaɗina ɗaya ne," in ji Baffa. "Abin da fensirina ya zana, shi alƙalaminka zai bi. Layi bayan layi. Ba gogewa, ba gyara."

Marubuci ya gyara zama a kan benci. "Ni ma nawa ɗaya ne, Baffa. Fuskar gaske nake so. Wadda duk wanda ya buɗe littafin zai ce, ai wane ne wannan."

"Za su gane shi."

"Kowa da kowa?"

"Har da waɗanda ba ka so su gane."

"To mun shirya."

Ya miƙa hannu biyu cikin ladabi. Baffa ya riƙe hannun ya daɗe bai saki ba, kamar mai sallama da matafiyi.

"Ka ji abin da na ce dai? Ba gogewa."

"Haba Baffa, yau na fara bin fensirinka?"

Ba yau ya fara ba. Shekara da shekaru haka suke aiki a ɗan ɗakin nan na bayan shagon tela. Baffa ya zana da fensir, ɗan wansa ya bi da tawada, sannan ya cika ƙwai, wato zagayen nan da ke fitowa daga bakin mutanen cikin zane, inda ake rubuta maganarsu. Haka suka haifi littafin Ginshiƙi, jarumin da ba ya tashi sama, ba ya duka, ba ya harbi. Ƙarfinsa ɗaya ne tak: in gini zai faɗi, ya shiga ya sa kafaɗa ya riƙe har sai kowa ya fita. Abokin gabarsa kuwa Gara, mai cin gini ta ciki ya bar fenti yana ƙyalli a waje. Su biyun duka fuskarsu a rufe take tun littafin farko.

Babu wanda bai san Ginshiƙi mahaifin Marubuci ba ne. Shugaban magina ne, bene ya rufta masa yana tokare da bakin ƙofa leburori na ficewa, lokacin Marubuci bai ma shiga makaranta ba.

Kuma babu wanda bai san halin Baffa ba: ba ya iya zana fuskar da bai taɓa gani ba. Mai gyaran rediyo ya tsinci kansa a littafin, mai wankin mota ma haka, har matar da ke allura a kemis. Saboda haka duk fuskar da ta fito daga bayan takunkumin Gara, ba zane ba ce kawai. Nuna yatsa ne a gaban jama'a.

Marubuci ya san wanda yake so a nuna. Ya zaro waya ya ajiye a kan tebur. Hoton wani tsoho ne zaune a bakin ɗan shago, gabansa tire na ƙusa da kwaɗo.

"Ga shi nan. A ɓoye na ɗauka. Ɗan kwangilar benen da ya rufta wa Baba ke nan, dubi yadda Allah ya mai da shi."

Baffa ya kife wayar.

"Ba na zane daga waya."

"Don ka tuna kamanninsa ne kawai."

"Ban manta kamannin kowa ba. Da ina mantawa da na yi ƙiba."

"Ya yi zaman gidan yari ya fito, shi ke nan kowa ya manta. Ni ban manta ba. Ina so jikokinsa su buɗe littafin nan su gan shi. Har na biya wajen Mai Injin da ke buga mana littafi da safe, na bar masa ɗan abin talla."

Baffa yana feƙe fensir, hankalinsa ba ya wajen. "Kai dai da Mai Injin. Mutumin da ko sanarwar mutuwarsa ce zai buga in ya ga za a saya. Juya mini baya."

"In juya?"

"Ka fuskanci bango. Ba na son ana leƙa mini hannu yau."

Marubuci ya yi dariya ya juya. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai kukan keken tela ta bayan bango da ƙarar fensir a kan takarda. Baffa mutum ne mai surutu in yana zane, ya zagi fensir, ya zagi takarda, ya yi wa hancin mutum ba'a. Yau ko tari bai yi ba.

Can ya ce, "Juyo."

Akwatin zane ɗaya ne ya cika shafin gaba ɗaya. Gara tsaye cikin ɓaraguzai, hannunsa na dama ya finciko takunkumi. Amma Baffa ya ɗora wata guntuwar takarda a kan fuskar, ya danne ta da kwalbar tawada.

"Daga ƙasa za ka fara. Fuska ce ƙarshe."

"Baffa, kai ma ka iya jan rai kamar mai labari."

"Ɗauki alƙalami."

Ya tsoma, ya fara. Ɓaraguzai, rodin da ya lanƙwashe, takalmi, gwiwa. Hannunsa ya saba, yana tafiya kamar ruwa. Ya hau ƙirji, ya bi kafaɗa, ya gangaro hannun da ke riƙe da takunkumi. Babban yatsa. Manuni. Na tsakiya.

Ya tsaya.

"Baffa, ka yi kuskure."

"Ina?"

"Ƙaramin yatsan nan. Ka karkata shi. Ai wannan hannun Ginshiƙi ne. Kai ka ce mini guduma ta taɓa karya wa Baba shi, bai miƙe daidai ba."

"Haka na ce."

"To ka sa wa Gara."

"Ɗauko littattafan baya."

"Me zan..."

"Ɗauko su, na ce."

Suna nan jibge a cikin kwali ƙarƙashin tebur. Marubuci ya zaro ɗaya ya buɗe inda Gara ke rarake ginshiƙin gada. Ya kai takardar kusa da taga.

Ƙaramin yatsan a karkace.

Ya jefar, ya ɗauki wani. Gara yana hawa bangon asibiti. A karkace. Wani kuma. A karkace. Ya tono har ƙasan kwalin, ya zaro na farko, wanda takardarsa ta yi ja don tsufa.

A karkace.

"Da hannunka ka bi yatsan nan da tawada," in ji Baffa a hankali. "Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Idonka na kan ƙwai, me za su ce, me za su ce. Ba ka taɓa kallon abin da hannu ke faɗa ba."

"Sabon hannu ne. Mai zane yakan saba da..."

"Sau nawa ka rubuta mini cewa Ginshiƙi da Gara su haɗu su gwabza?"

Marubuci ya rufe littafin ya ajiye.

"Me nake zana maka?"

"Ƙura."

"Sai me?"

"Inuwa a bango. Ko kuma ɗaya a cikin akwati, muryar ɗayan na shigowa daga waje."

"Masu karatu suka yi ta yabo, wai salo ne. Har wani malami ya zo nan ya ce hikima ce mai zurfi. Ba hikima ba ce, ɗan Yaya. Ban iya tsayar da mutum ɗaya a wuri biyu ba ne."

Keken tela ya tsaya. Kamar shi ma yana saurare.

Marubuci ya ɗaga kwalbar tawada. Ya ajiye ta gefe. Ya janye guntuwar takardar.

Faffaɗan goshi. Tabo a gira. Kunnuwan nan da suka ɗan buɗe, irin nasa. Fuskar da ke rataye a falon mahaifiyarsa ce, wadda yake gaisarwa da ido kullum kafin ya fita. Sai dai a nan an ɗaure ta, baki a murtuke, ido jawur irin na mugu.

"Innalillahi."

Ya miƙe, benci ya kife.

"Wannan wane irin wasa ne?"

"Ka taɓa ganin na yi wasa da fensir?"

"Ɗan'uwanka ne fa! Ciki ɗaya!"

"Shi ya sa na fi kowa sanin fuskar."

"Nawa tsohon nan ya ba ka?"

Baffa ya ɗago ya dube shi. Marubuci ya sunkuyar da kai, don ko cikin fushi ya san ya taka inda ba a takawa.

"Ɗaga bencin ka zauna."

Ya ɗaga, ya zauna a can ƙarshensa.

"Ɗan kwangila ya kawo siminti cikakke. Ina wajen, ni ke rubuta allon gaban ginin. Na ga an sauke, na ga an jera. Makullin sito yana hannun Yaya. Kullum in an tashi aiki, buhuna kaɗan su bi ta ƙofar baya, washegari a ƙara yashi a kwaɓi. Ba wanda ya lura. Gini ya tashi, ya yi kyau, aka shafa fenti."

"Ƙarya ne."

"To."

"Da haka ne da an faɗa a kotu."

"Tsohon ya faɗa. Har kuka ya yi. Wa zai saurare shi? Ga gawar mutumin da ya ceci leburori, ga mai kuɗi da babbar mota. Kai da kake rubuta labari, a cikinsu wa jama'a za su zaɓa ya zama mugu?"

Marubuci ya dafe kai. Can ya ɗago da sauri, idonsa ya kawo ruwa, kamar wanda ya hango ƙofa.

"Lokacin ne na yi ciwon nan, ko? Umma ta ce na taɓa kwanciya asibiti ina ƙarami. Don ni ya yi. Magani ya saya."

Baffa ya daɗe yana juya fensir a tsakanin yatsunsa.

"Wallahi na so in ce maka haka ne. Da ya fi daɗin rubutawa."

"To don me?"

"Babur."

"Me?"

"Babur ya gani ya so. Ja, mai madubi biyu. Abokansa duk sun yi, shi yana tafiya a ƙasa. Shi ke nan. Ba wani dogon dalili."

Wannan ita ta fi dukan Marubuci. Mutum yana iya ɗaukar babban laifi in an haɗa masa da babban dalili. Ƙaramin dalili shi ke karya baya.

"To Ginshiƙi fa?" in ji shi. "Shi ma ƙarya ne? Duk abin da na rubuta tun ina saurayi, a kan iska na rubuta?"

"A'a. Wannan ma da idona na gani." Baffa ya ajiye fensir. "Ranar da ginin ya yi ƙara, kowa ya ɗaga kai yana tambaya mene ne. Shi kaɗai bai tambaya ba, don ya san abin da ya zuba a ciki. Yana waje fa, yana wanke hannu. Da ya yi taku kaɗan baya da yanzu yana nan da furfurarsa. Sai ya ruga ciki. Ya ɗauki katakon tokare ya kafa a bakin ƙofa, katakon ya fara tsagewa, ya sa kafaɗarsa. Leburori suna bi ta ƙarƙashin hammatarsa. Ni ne na ƙarshe, na shiga ɗauko gwangwanin fenti."

"Ya yi magana?"

"Ya ce, ni ne. Ni na rage simintin. Fita."

Baffa ya taɓa gefen shafin da yatsa.

"Shi ya sa na rufe musu fuska su biyun," in ji Baffa. "Ka zo mini kana yaro ka ce in zana maka babanka. In na zana wanda ya riƙe ƙofa kaɗai, na yi ƙarya. In na zana wanda ya buɗe sito kaɗai, na yi ƙarya. Sai na raba shi biyu, na ba ka rabin da za ka iya ɗauka. Na ce in ka girma ka lura da yatsan da kanka. Ka girma, ka yi gemu, ba ka lura ba. Ni kuma na samu wurin ɓuya, na yi shiru, tsoho yana can yana sayar da ƙusa. Sai yau ka zo mini da hotonsa a waya."

Marubuci ya jawo shafin gabansa. Fuskar tana nan da fensir, tawada ba ta taɓa ta ba. Kilina, abin goge fensir, na gefe, ɗan ƙarami, baƙi don amfani. Shafa biyu ya isa.

Baffa ya ga inda idonsa yake.

"Mun yi musafaha."

"Ban san abin da na saya ba."

"Ka ce fuskar gaske."

"Umma fa? In littafin nan ya fita, ta ina za ta bi ta je kasuwa? Matar da ta ƙi aure saboda shi, take goge hotonsa kullum da gefen mayafinta? Kashe ta kake so ka yi?"

A nan Baffa ya juya ya dubi taga. Abin da ya hana shi barci ke nan tun ba yau ba.

"Salamu alaikum. Ku kam in ba a biyo ku da abinci ba sai ku ci takarda."

Umma ce, da kwano a hannu. Marubuci ya yi wuf zai kife shafin, gwiwar hannunsa ta bugi kwalbar tawada, ya tsaya tarar ta. Kafin ya juyo ta riga ta ajiye kwano ta ɗauki takardar.

"Yaya, ajiye wannan," in ji Baffa. "Ba a gama ba."

"Kai Mai Fensir, yaushe ka fara ba ni umarni? Ina ce a gabana ka koyi ɗaura wando?"

Ta kai takardar bakin taga, ta nisanta ta da idonta yadda masu shekaru ke yi. Ta dubi ɓaraguzan. Ta dubi takunkumin da ke hannun Gara. Ta dubi fuskar.

Ɗanta ya kafa mata ido.

Ba ta yi salati ba. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta girgiza kai.

"Ba haka yake ba."

"Umma, kuskure ne, Baffa ne ya..."

"Yi mini shiru." Ta juya ga Baffa. "Goshin daidai ne, kunnen ma. Amma wannan bakin na waye? Shi in ya yi abin kunya ba ya ɗaure fuska. Murmushi yake yi, yana kallon ƙasa. Haka ya yi mini ranar da ya shigo da babur ɗin, na ce ina ka samu."

Baffa ya miƙe tsaye a hankali. "Yaya... kin sani?"

"Ni ke wanke masa kaya. Magini yakan dawo da siminti a gaban riga. Shi a kafaɗa yake dawowa da shi, kamar ɗan dako." Ta ja numfashi. "Na tambaya sau ɗaya, ya yi mini murmushin nan, ban ƙara ba. Kuma na hau babur ɗin. Ni ce a baya, ina riƙe da yaron nan a cinya, iska na kaɗa mini mayafi, ina jin daɗi."

"Umma, hoton da kike gogewa kullum..."

"Mijina ne. Da wanda ya buɗe sito da wanda ya riƙe ƙofa, duka a gado ɗaya suka kwana. Na san su su biyun. Tsohon nan kuwa, rabon da in bi ta layin shagonsa tun ranar da ya fito. Zagaye nake yi, ko kwaɗo nake nema sai in tafi wata unguwa. Ƙafata ta gaji da zagaye."

Ta miƙa hannu. "Ba ni kilinan can."

"Mun yi sharaɗi ba gogewa," in ji Baffa.

"Ku kuka yi. Ni ban sa hannu a cinikinku ba."

Ta goge bakin da kanta, a hankali, ta hure garin, ta tura wa Baffa takardar.

"Zana shi yadda yake. Kai kuma in ya gama ka bi da tawadarka. In hannunka ya yi rawa ni zan riƙe maka takardar."

Baffa ya ɗauki fensir. Layi kaɗan ya ja, sai ga mutumin ya fito: ido a ƙasa, ɗan murmushi a gefen baki. Ba mugu ba, ba jarumi ba. Umma ta kau da kai, ta sa gefen mayafi a ido.

Marubuci ya tsoma alƙalami. Ya ɗora bakinsa a kan goshin mahaifinsa.

Wayar da ke kife a kan tebur ta ɗauki ƙara.

Mai Injin ne. Muryarsa har Baffa na ji daga inda yake.

"Malam Marubuci! Kai, ka iya talla! Hoton nan da ka bar mini da safe, na sa an ɗora masa yagaggen takunkumi kamar yadda ka ce, na rubuta GA GARA da manyan baƙaƙe. Ban jira gobe ba, yara sun manna ko'ina, bakin tasha, jikin makaranta, har kan layinsa! Mutane sun gane shi nan take. Tun ba a buga littafin ba ana ta zuwa a ajiye suna. Yanzu ma aka ce mini samari sun taru, sun nufi wajen shagon, wai za su je su gai da Gara..."

Alƙalamin ya faɗi. Tawada ta fantsama a kan ɓaraguzan zane.

"Wane hoto?" in ji Baffa.

Marubuci bai tsaya amsawa ba. Ya fizgi shafin da bai bushe ba, ya yi waje ko takalmi bai saka ba, Umma na kiran sa a baya.

To, ga yadda cinikin yau ya tashi. Baffa ya sauke kayan da ya daɗe a kansa. Umma ta huta da zagaye. Marubuci ya shigo da uba ɗaya ya fita da biyu, bai san wanda zai yi wa kuka ba. Riba tsagwaronta Mai Injin ne ya kwashe, shi da bai zana ko layi ɗaya ba.

Wanda ya yi asara kuwa ba ya cikin cinikin, ba a ma tambaye shi ba. Yana zaune bakin shagonsa yana ware ƙananan ƙusa daga manya, ya ji hayaniya na matsowa daga bakin layi, ya ɗago kai yana murmushi, ya zaci masu saye ne.